Masu shirin zuwa Weeki Wachee, ku yi sammako

Jama'a, duk mai niyyar kai iyali Weeki Wachee, wurin shaƙatawa mai maɓuɓɓugar ruwa a jihar Florida ta Amurka, ya isa bakin ƙofa kafin a buɗe da ƙarfe 9 na safe.

Lokacin zafi da ranakun hutu wurin kan cika, da zarar ya cika kuma sai su tsayar da shiga. Ga yara a mota, ga tafiyar kusan awa guda daga Tampa. Asara ce babba.

Kuna shiga ku wuce zauren kallon wasan ƙarƙashin ruwa, tunda wanda ya riga zuwa shi ke samun kujera. Ta bayan gilashi za ku ga mata sanye da jelar kifi suna rawa, suna zuƙar iska ta siririn tiyo. Tun 1947 ake wannan wasan. Wanka ya biyo baya, ruwan ba inda za shi, kuma sanyinsa ɗaya duk shekara, kusan digiri 23 a ma'aunin Celsius.

Kwalekwalen yawo a kogi kuwa, ku kama gurbi ta intanet tun daga gida.

Amma sammako ba ya maganin hadari. Idan aka fara walƙiya, ana fitar da kowa daga ruwa, wasan ma ana iya dakatar da shi. Ku duba hasashen yanayi tun da dare.