Kurakuran da malaman yoga suka fi yi da ɗalibai masu jiki, da yadda ake gyara su

Kuskuren da sauran suke fitowa daga cikinsa shi ne rashin gane abin da ya tsayar da ɗalibi. Malami zai ga mai jiki ya kasa sunkuyawa har ƙasa, sai ya ɗauka jijiyoyin bayan cinyarsa ne suka sandare, ya ce masa ya daure, wata rana za su saki. Alhali sau da yawa jijiyar lafiyarta lau. Ciki ne ya haɗu da cinya, ko cinya ta haɗu da sharaɓa, ko ƙirji ya tokare haɓa. Nama ya gamu da nama, wuri ya ƙare. Ƙarin ƙoƙari ba ya gyara wannan, sai dai a buɗe wa jiki wuri.

A Uttanasana, wato sunkuyawa daga tsaye, idan ƙafafu suna haɗe, cikin zai danne a kan cinya tun kafin ƙugu ya lanƙwasa, numfashi ya gajarce, sai ɗalibi ya tanƙwara gadon baya don ya kai ƙasa. Nan ciwon baya yake farawa. Gyaran: ya ware ƙafafu har kusan gefen tabarma, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya sa hannu biyu a ƙasan mara ya ɗaga naman cikin sama, sannan ya sunkuya cikin ya sauka tsakanin cinyoyi. Malamai da yawa suna jin nauyin faɗin wannan a fili. Ku faɗa wa ajin gaba ɗaya, da muryar da kuke cewa "ku ja numfashi". Muddin malami bai ji kunyar kalmar ciki ba, ɗalibi ma ba zai ji ba.

Haka umarnin "ku haɗa ƙafafu" a Tadasana, wato salon tsayuwa a miƙe. Mai kaurin cinya, cinyoyinsa suna haɗuwa kafin ƙafafunsa, idan ya tilasta sai nauyin ya koma kan gwiwa. A ce kowa ya tsaya daidai faɗin ƙugunsa.

Wurin da aka fi barin ɗalibai a baya shi ne Surya Namaskar, wato jerin salo da ake yi ɗaya bayan ɗaya, daidai inda ake cewa a kawo ƙafa gaba tsakanin hannuwa daga Adho Mukha Svanasana, wato dafa ƙasa da hannuwa da ƙafafu, ƙugu a sama. Ƙafar tana maƙalewa a rabin hanya saboda cinya ta bugi ciki, kafin ɗalibi ya gyara ajin ya wuce mataki biyu. Akwai hanyoyi uku, kuma ya kamata a koyar da su tun ranar farko. Ta farko, ya ɗora tafin hannuwa a kan bulo biyu, wato ƙananan tubalan yoga na soso ko itace, domin tsayin da ya ƙaru yana buɗe wa ƙafa hanya. Ta biyu, ya kai ƙafar wajen hannu maimakon tsakiya. Ta uku, ya sauke gwiwoyi ƙasa, ya kama idon sawu da hannu ya kawo ƙafar gaba. Sannan malami ya jira. Numfashi ɗaya ko biyu da za a ƙara a nan ba sa ɓata darasi.

Wuyan hannu ma yana shan wahala a wannan jerin, domin ƙaramar gaɓa ce da ake ɗora wa nauyi mai yawa tana lanƙwashe. A naɗe gefen tabarma a ƙarƙashin gindin tafin hannu don lanƙwasar ta ragu, ko a sauka kan gwiwar hannu, ko a yi salon gaba ɗaya da hannuwa a jikin bango ko a kan kujera.

Balasana kuwa, wato durƙusawa a zauna kan dunduniya goshi a ƙasa, ana kiranta hutu, amma ga mutane da yawa ba hutu ba ce ko kaɗan. Mazaunai ba sa kai wa dunduniya, nauyi ya zubo kan goshi da wuya, ciki ya matse. Ya ware gwiwoyi sosai, manyan yatsun ƙafa su taɓa juna, a sa naɗaɗɗen bargo tsakanin cinya da sharaɓa, dogon matashi mai tauri a ƙarƙashin ƙirji. In har hakan bai yi ba, ya zauna ko ya kwanta ta gefe ya huta. Kada malami ya ce "wanda ya gaji ya koma Balasana" kamar ita kaɗai ce mafita.

Akwai abin da malamai maza musamman suke mantawa. A Setu Bandhasana (kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu) da Sarvangasana (tsayuwa a kan kafaɗu, ƙafafu sama) da Halasana (kwanciya rigingine a kai ƙafafu bayan kai), naman ƙirji yana gangarowa wajen maƙogwaro, numfashi ya yi wuya, ɗaliba ta tsorata ta kasa faɗa. Maɗauri, wato bel ɗin yoga, da aka zagaya saman ƙirji, ƙasa da hammata, aka ɗan tsuke, yana riƙe shi. Ga Sarvangasana dai, mu a ganinmu gara a maye gurbinta da Viparita Karani, ƙafafu a jingine da bango, har sai an tabbata wuya ba ya ɗaukar nauyi. Tambayar hawan jini da ciwon ido na gilakoma kafin duk salon da ke kifa kai ƙasa wajibi ce, amma kowa ake yi wa, ba mai jiki kaɗai ba.

Sai kayan aiki. Tabarmar da aka saba faɗinta santimita 61 ne, ta yi wa kafaɗu da yawa kaɗan. A tanadi masu faɗin 76 ko fiye, ko a gicciye biyu. Maɗauri mai tsawon santimita 180 ba ya isa zagaye ƙafa da baya, a sayi na 240 ko 300. Bulo na soso yana lotsawa, na itace ya fi tsayawa daram. Kujera ta zama marar hannu, mai ƙarfi, a ɗora ƙafafunta huɗu a kan tabarma don kada ta zame. Kuma kada a bar kayan a lungu sai wanda ya buƙata ya tashi ya ɗauko a idon jama'a. Kowa ya fara da bulo biyu, maɗauri da bargo a gefensa. B.K.S. Iyengar, wanda ya koyar a birnin Pune na Indiya kuma ya rasu a 2014, shi ya yaɗa amfani da irin waɗannan kaya, ga ƙwararru da sababbi baki ɗaya.

Harshe yana korar mutum fiye da yadda salo mai wuya yake yi. "Wanda ba zai iya ba ya ɗauki bulo" ta riga ta raba ajin gida biyu. Ku fara nuna salon da bulo, sannan ku ce mai so ya ajiye shi. Kada ku ɗauka mai jiki sabon shiga ne, ku tambaye shi. Wataƙila ya fi shekara goma yana yi. Kada ku kawo zancen rage ƙiba in ba shi ya kawo ba, kada kuma ku ware shi da yabo mai yawa kamar zuwansa abin mamaki ne. Taɓa jiki don gyara sai da izini, kowane lokaci.

A tsara darasi yadda ba za a yi ta tashi da zama ba: salon tsaye a haɗa su wuri ɗaya, na ƙasa wuri ɗaya. A Savasana, wato kwanciyar hutu rigingine, cikar mazaunai tana ɗaga ƙugu, ƙasan baya ya rataya, kai ya karkata baya. Matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, bargo mai ninki biyu ko uku a ƙarƙashin kai har goshi ya ɗan fi haɓa tsayi, wani kuma a ƙarƙashin kowane hannu idan gwiwar hannu ba ta kai ƙasa. Wajen tashi ya juya gefe, ya dafa ƙasa ya zauna, ya durƙusa, sannan ya dafa kujera ko bango ya miƙe.