Injin ɗaukar hoton littafi na haɗin gida: inda aka fi yin tuntuɓe

Tun 2009 da Daniel Reetz, wani ɗalibi a Amurka, ya haɗa nasa injin da tarkacen bola da ƙananan kyamarori biyu, ya kuma baje wa duniya yadda ya yi, masu sha'awar abin ke ta kwaikwayo suna ƙara gyara. Mu ma nan Yamai kayan aiki ba su gagare mu ba. Katako da gilashi da ƙusa duk suna kasuwar Katako. Wurin haɗawa ne ake yin ɓarna.

Ɓarna ta farko ita ce a shimfiɗe littafi a kan tebur a danne shi da gilashi. Ɗinkin bayansa ne zai tsinke. A sa kafinta ya yi masa mazauni mai siffar V, buɗewar kamar digiri 90 zuwa 100, irin yadda ake ɗora Alƙur'ani a kan mariƙinsa. Gilashin ma V ɗin ne, ya sauka a hankali.

Sai haske, kuma nan na sha wuya. Na taɓa ɗaukar shafi kusan 300 a dare guda, da safe na duba, kowane shafi da farin tabo a tsakiya, ga inuwar goshina a gefe. Fitilar ce ke dawowa daga gilashi ta shiga idon kyamara. A kashe filashi, a rataye fitila can sama daidai tsakiyar V, a shafa wa katakon baƙin fenti marar sheƙi, a yafa baƙin ƙyalle. Da na koma wurin kafintana da maganar fenti, dariya ya yi: "Malam, ni da na goge maka shi yana walƙiya?" Walƙiyar ce matsalar, maigida.

Kyamara in ta karkace, shafi kan fito sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Ɗora ƙaramin madubi a tsakiyar shafin, ka yi ta gyara har idon kyamarar ya hango kansa a tsakiyar hoto. Kada kuma a bar ta tana zaɓar haske da saiti da kanta, wani shafi ya fito fari, na gaba ja-ja. A kulle su tun farko. Masu tsofaffin kyamarorin Canon kan yi haka da wata manhaja mai suna CHDK, wayoyi da yawa ma suna yi. Shafin A4 a kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, na bukatar kyamara mai megafiksel kusan 9.

Rubutun hannu fa, a bi shi da ladabi. Wanda ya taɓa leƙa sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar bincike ta IRSH, a Jami'ar Abdou Moumouni da ke nan Yamai, ya san littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne cikin gafaka. Kada gilashi ya taɓa su, tawada na iya ɓanɓarowa ta manne. A kashe fanka. A kula da kalmar nan da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon na gaba, don in warƙoƙi suka cakuɗe ita kaɗai za ta fishe ka.

Da hunturu a riƙa goge gilashi akai-akai. Ƙwayar ƙura guda a hoton Ajami sai ta zama ɗigo, ta sauya harafi.

Mai kyamara biyu ya tuna ɗaya shafukan dama take ɗauka, ɗaya na hagu. In ɗaya ta yi tsallake sau guda, duk jerin ya rikice. Ɗauki shafi goma, kai su kwamfuta, daidaita su da ScanTailor, manhajar gyara hotunan shafuka, ka gani da idonka kafin ka ci gaba. In ka ba Tesseract, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, rubutun boko ya karanta, bi ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya, don yakan cinye musu lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa.