Yadda ake samun gurbin IT a hukumar lafiya ta jiha

Horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke kira IT ko SIWES shiri ne na ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata ta tarayya, an fara shi a 1973. Ɗan jami'a yakan yi wata 6, ɗan difloma wata 4. Yawancin masu karatun lafiyar al'umma, tsabtar muhalli da abinci mai gina jiki, da sun karɓi takarda daga makaranta sai su nufi hedikwatar ma'aikatar lafiya, kuma a nan watan farko yake salwanta.

Ka fara sanin inda aikin yake. Ma'aikata wurin tsare-tsare ce da taro da fayil. Rigakafi, awon ciki, tamowa da wayar da kan jama'a duk suna hannun hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha, ita kuma aikinta a sashen lafiya na ƙaramar hukuma yake sauka. A Kano kaɗai ƙananan hukumomi 44 ne da mazaɓu 484, amma kowa sai ya cunkushe a ofishi ɗaya a cikin birni. Manyan asibitocin jiha kuwa hukumar kula da asibitoci ce ke riƙe da su. Wanda ke son aikin wayar da kan jama'a ya nemi hukumar matakin farko, kuma ya roƙi a tura shi ƙaramar hukumar da yake zaune. Ko don kuɗin mota ya isa dalili, domin alawus ɗin ITF bai taka kara ya karya ba, kuma sai an gama ake sa ran ganinsa.

Takardun da za ka haɗa: wasiƙar gabatarwa daga makaranta, katin ɗalibi, NIN, hoto ƙarami guda 4, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Wannan ta ƙarshe ita ke jan lokaci, saboda sai ta bi ta hannun mai unguwa da hakimi kafin sakatariya ta buga hatimi, don haka ka neme ta tun kana tsakiyar zangon karatu. Kowace takarda ka yi mata kwafi 3, kuma kada ka bar ta asali a hannun kowa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Wasiƙar makaranta iri ɗaya ce ga kowa, ba ta faɗi komai a kanka ba sai suna da kwas. Idan ita kaɗai ka miƙa, jami'in da ta faɗa hannunsa zai tura ka duk inda ya ga kujera babu kowa, sau da yawa ɗakin ajiye fayil. Sai ka ɗora taka wasiƙar a kai, shafi ɗaya, da Turanci, bugun kwamfuta. Ka rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar da ainihin muƙaminsa. Wata jihar sakataren zartarwa ake ce masa, wata darakta janar, ka duba allon ƙofar ofishin ko ka tambayi masinja kafin ka buga. Kuskuren muƙami kaɗai ya isa a ce ka je ka sake.

A cikin wasiƙar ka ambaci abu huɗu ƙarara: sashen da kake so, ƙaramar hukumar, ranar farawa da ranar gamawa, da lambar wayarka a ƙasa. Sashe ɗaya za ka faɗa, da na biyu idan babu gurbi a na farko. Ka ce sashen ilimantar da jama'a kan lafiya, ko na rigakafi, ko na sa ido kan cututtuka. Wanda ya rubuta "duk inda ya dace" ya ba da kansa ga rajista, wato ɗakin karɓar takardu da ajiye fayil, ke nan. Dogon yabon shugaba da labarin burinka na taimakon al'umma ba mai karantawa, ka cire.

Ka kai ta rajista da kanka, da safe, Litinin zuwa Laraba, ban da Juma'a. Ka miƙa kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a ba ka. Wannan kwafin shi ne hujjarka, idan babu shi, ranar da aka ce ba a ga takardarka ba sai ka fara daga farko. Daga rajista wasiƙa tana zuwa teburin shugaba, ya yi rubutu a gefenta ya tura wa daraktan mulki, shi kuma ya tura wa daraktan sashen, sannan ta dawo a buga takardar amincewa. A kowane tebur tana iya kwana mako. Tambayar "an amince?" ba ta kai ka ko'ina, abin tambaya shi ne teburin wa take yanzu, kuma yaushe ta bar rajista. Ma'aikatan rajista suna da littafin da suke rubuta fitar kowane fayil, idan ka yi magana da ladabi za a duba maka. Ka leƙa bayan kwana uku ko huɗu, ba kullum ba, kada ka zama abin gudu. Zuwa da kai ya fi saƙo, kiran waya ba ya motsa fayil. Saboda wannan zagayen, miƙa takarda mako 6 kafin ranar farawa ba gaggawa ba ce. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ba shi da gurbin a hannunsa.

Da takardar amincewa ta fito, ka kai kwafi makaranta, ka cike fam ɗin SCAF, wato shaidar fara aiki, mai kula da kai a wurin aikin ya sa hannu, ka kai ofishin ITF na yankinka cikin mako biyun farko.

A ƙaramar hukuma mutum uku za ka nema ka gaisar tun ranar farko: jami'in ilimantar da jama'a, jami'in rigakafi da ake kira LIO, da jami'in sa ido kan cututtuka, DSNO. Kayan wayar da kai suna wurin na farkon: fosta, allon hotuna mai shafi-shafi, da takardun saƙo da Hausa da ajami inda ake da su. Ka roƙi katin lafiyar yaro wanda ba a cike ba ka haddace jadawalin: BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta ranar haihuwa, Penta mai kare cututtuka biyar a mako 6, 10 da 14, ƙyanda da shawara da sanƙarau a wata 9, ƙyanda ta biyu a wata 15. Allurar HPV ta 'yan mata, rigakafin kansar bakin mahaifa, ta shigo a Oktoban 2023. Don sanin cutar da ke yawo, shafin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, yana fitar da rahoton Lassa da kwalara da mashaƙo, kuma lambarta ta kyauta 6232 ce. Saƙon da aka turo maka a WhatsApp ba abin ɗauka ka tsaya gaban mata ba ne.

Ranar rigakafi ko ranar awo za a ce ka yi jawabi. Batu ɗaya, minti biyar zuwa goma, da Hausar gida. Idan gudawa ce, ka nuna haɗa ORS, ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a gabansu: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24, da ƙwayar zinc ta kwana 10 ko da gudawar ta tsaya. Idan rigakafi ne, ka faɗa wa uwa tun kafin allura cewa jikin yaro zai iya yin ɗumi bayan Penta, kuma BCG tana barin tabo a dantse. Wadda ba a faɗa mata ba, ba lallai ta dawo allura ta biyu ba. Ka sa ta maimaita ranar dawowa da bakinta.

Aikin gangami, na shan inna ko rabon maganin zazzaɓin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, a mazaɓa ake zaɓar masu yinsa ta hannun jami'in mazaɓa, ka ba shi sunanka da wuri. Logbuk, littafin rubuta aikin horo, ka cike shi kowace rana da abin da ka yi da hannunka, a sa hannu duk mako. A ƙarshe ka cike Fam 8, fam ɗin ITF na kammala horo, sannan ka nemi takardar kammalawa mai hatimin hukumar kafin ka bar wurin, domin ana yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, wanda ya san ka ba lallai ka tarar da shi bayan wata uku ba.