Kurakuran da Sababbi ke Maimaitawa Wajen Shiga Kulob na Tseren Kafa Tarihin Gudu

Kusan kowace shekara sai wani saurayi ya zo garejina a kudancin Kalifoniya da babur a bayan akori-kura, ya ce mini ya gama haɗa shi, saura kawai in nuna masa kulob ɗin da zai shiga domin ya tafi tsere a Bonneville, filin gishirin da ke jihar Utah a Amurka. Da zarar na ji kalmar "na gama" sai gabana ya faɗi, domin na san ya fara gini daga rufi, kuma ni ma haka na yi a farkon shigata wannan harka.

Tseren nan ba irin wanda ake jerawa a tashi tare ba ne. Mutum ɗaya ne ke shiga miƙaƙƙiyar hanya a kan gishiri ko busasshen tabki, na'ura ta auna gudunsa, a gwada shi da gudun da aka riga aka kafa a ajinsa. Saboda haka aji shi ne komai, kuma littafin dokoki ne ke fayyace aji: girman inji, irin man da ake sha, ko akwai na'urar cusa iska, da kuma surar jikin abin hawa. Ƙungiyar SCTA, mai shirya irin wannan tsere daga kudancin Kalifoniya, wadda aka kafa a 1937, tana fitar da nata littafin kowace shekara, kuma da shi ake aiki a busasshen tabkin El Mirage da makon tseren watan Agusta na Bonneville da aka fara a 1949.

Babban kuskure shi ne haɗa abin hawa kafin a shiga kulob, kafin a karanta wannan littafin. Ni na ɗauki hunturu guda ina aiki a kan baburina da daddare bayan na tashi daga aiki. Na sauya masa rigar gaba da wadda ta fi tsini, na sauke kujera, na canza salansa, ina ganin duk abin da zai ƙara gudu alheri ne. Na ja tirela yini guda cur zuwa Wendover, garin da ke bakin gishirin Bonneville, na shiga layin dubawa da safe, sai dattijon da ke duba babura ya zagaya nawa sau ɗaya, ya tambaye ni ajin da na rubuta. Na ce ajin babur ɗin da bai bar surarsa ta kamfani ba. Ya nuna rigar gaba da salansar da alƙalaminsa, ya ce waɗannan sun fitar da ni daga wannan ajin zuwa na baburan da aka yi wa gyara, inda gudun da aka kafa ya fi ƙarfin injina nesa ba kusa ba. Bai tsaya nan ba. Ya durƙusa ya taɓa notin ƙafar gaba da toshiyar zubar da baƙin mai, babu wayar ɗauri a jikinsu, ya duba ya ga babu igiyar da ake ɗaurawa a jikin mahayi domin ta kashe inji idan ya faɗi. Kwana 2 na yi a ƙarƙashin rumfa ina huda notuna da aron na'ura, ina kallon wasu suna wucewa layin tashi. Mutumin bai zalunce ni ba, kowace magana tasa tana cikin littafin da ban saya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na shiga kulob tun da fari, da wani ya zo garejina ya nuna mini duk wannan a cikin rabin sa'a, domin kusan kowane kulob yana da tsofaffin hannu da suka san dokar kamar yunwar cikinsu. Tsarina yanzu shi ne ba na taɓa sifana sai na ja layi da jan biro a kan kowace dokar ajin da nake nufi, sannan in kira mutum biyu daga kulob su duba aikin tun yana rabi.

Daga nan sai zaɓen kulob saboda suna ko tambarin riga, ba tare da tambayar inda yake tsere ba. SCTA haɗakar kulob-kulob ce, irin su Road Runners da Sidewinders da Gear Grinders da San Diego Roadster Club, kuma wanda ke son shiga tseren El Mirage, mai tsawon mil 1.3 a hamadar Mojave, dole ne ya zama ɗan ɗaya daga cikinsu. Wanda kuwa burinsa gishirin Bonneville ne kawai, rajista da BNI, ƙungiyar da ke shirya tseren Bonneville tare da SCTA, yake bukata domin makon Agusta, ko ya nufi ƙungiyar USFRA ta jihar Utah mai shirya tseren World of Speed a watan Satumba. Mazaunin gabashin Amurka ya fi dacewa ya duba ƙungiyar ECTA ko ƙungiyar Loring da ke amfani da titin jirage na tsohon sansanin sojan sama a jihar Maine. A Ostareliya akwai ƙungiyar DLRA da ke tsere a tabkin Gairdner, a Birtaniya kuma ana yi a rairayin Pendine da filin Elvington. Ni ma'aunina ɗaya ne: idan ba zan iya halartar taron wata-wata na kulob ba, to ba kulob ɗina ba ne, komai daɗewarsa. Sannan ina duba ko akwai masu babur a cikinsa, domin mai babur da ya faɗa cikin masu mota zalla zai sami abokan hira amma ba zai sami mai gyara masa kuskure ba.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni, kuma wanda nake yi wa samari faɗa a kansa ba tare da sassauci ba, shi ne ɗaukar kulob kamar tagar sayar da tikiti. Wannan harka aikin gayya ce. Waɗanda ke jera alamomin hanya, da masu sintiri a gefenta domin kada wani ya ratsa, da masu bin fili a ƙafa suna tsince ƙusa da guntun ƙarfe, duk 'yan kulob ne da ba a biyan su ko sisi. A shekarata ta biyu aka ba ni sintirin safiyar Lahadi, na ga injina yana bukatar gyara, na ƙi zuwa ban kuma sanar da kowa ba. Wani dattijo da ya kai sa'ar mahaifina ne ya tsaya a madadina cikin rana da ƙura har aka tashi, bayan ya riga ya yi nasa aikin. Bisa dokar kulob ɗinmu aka dakatar da ni daga tsere na gaba, kuma a El Mirage wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin maki ne ke tantance jerin tashi, wanda ya koma baya kuwa zai tarar motocin gaba sun farfasa ƙasar ta zama gari. Amma dakatarwar ba ta kai nauyin haɗa ido da wannan dattijon a taro na gaba ba. Idan kai mai shirin shiga ne, ka saurara da kyau: ranar da aka rubuta sunanka a jadawalin aiki ta fi ranar tserenka muhimmanci, domin ran mutumin da ke gudun mil 200 a sa'a yana hannun wanda ke tsaye a gefen hanya. Idan uzuri ya taso, ka nemi wanda zai maye gurbinka da kanka, ka sanar da shugabanni tun da wuri. Ni ma shawarata ga kowa ita ce ya yi shekarar farko ba tare da abin hawa ba, ya riƙa taimaka wa wani a rumfarsa, ya ja masa mota zuwa layi, ya naɗe masa laimar tsayarwa. Wasu abokaina suna ganin wannan ɓata lokaci ne, ni kuwa ban ga wanda ya bi wannan hanyar ya yi nadama ba.

Akwai masu zuwa suna tambayar kuɗin shiga kulob na mil 200 domin su sami jar hular da ake ba 'yan wannan kulob. Ba a sayen ta. Tun kafuwarsa a 1953, hanyar shiga ita ce kafa tarihi da gudun da ya haura mil 200 a sa'a, kuma a Bonneville sai an yi gudu biyu, abin hawa ya kwana a killace tsakaninsu, a ɗauki matsakaicinsu. Lasisi ma hawa-hawa ne, sabon shiga yana farawa da bitar sababbi da gudu mai iyaka, sannan ya riƙa ɗagawa daga mil 125 a sa'a zuwa 150 zuwa 175 har 200. Wanda ya murɗa fiye da abin da aka yarje masa a gudun farko domin burgewa, maimaici za a sa shi. Mai motar hawa ta yau da kullum da ke son ɗanɗana gishiri sai ya fara da tsarin gudun mil 130 a sa'a na USFRA.

Kada ka sayi hular kwano ko rigar fata ta hannu sai ka gwada shaidar ingancinta da littafin bana. Kada ka zuba dukan kuɗinka da hutunka a kan mako guda, domin an soke makon Agusta a 2014 da 2015 da 2022 saboda ruwa da lalacewar fili. Ka tuna Bonneville tana kan tudun da ya kai kimanin ƙafa 4,200, iska ba ta da kauri, injin da aka saita a bakin teku zai rage ƙarfi a can. Idan kuma wani ɗan kulob ya ara maka tirela ko janareta, ka wanke gishirin da ruwa mai yawa har ƙarƙashi kafin ka mayar masa, domin tsatsa tana fara ci tun kana kan hanyar komawa gida.