Yadda nake ɗaure boris ɗin wuyan babur na doguwar tafiya

Babur mai nauyi irin Honda Gold Wing, da ya haura kilo 350, in boris ɗin wuyansa ya saki za ka ji "ƙwas" duk sanda ka kama birkin gaba. In kuma an matse shi da yawa, sai babur ɗin ya riƙa yawo a titi, ya ƙi tafiya ɗoɗar.

Fara da kafa shi a kan standa ta tsakiya, ka sa jak ƙarƙashin inji da ɗan katako har tayar gaba ta bar ƙasa. Kama ƙafafun shokozoba ta ƙasa, ka ja gaba ka tura baya. Akwai motsi? To boris ya saki. Sannan juya kan babur ɗin a hankali, hagu da dama. In ya ɗan maƙale a tsakiya, boris ya ci rami, ɗauri ba zai yi magani ba, sai sabo.

In saki kawai ya yi, sassauta kusoshin da suka riƙe shokozoba a faifan sama, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun shokozoba da wuyan babur ta sama, da babban notin tsakiya. Notin gyaran yana ƙarƙashin faifan, mai tsage-tsage ne, da sifana mai ƙugiya ake juya shi. Guduma da sukundireba da wasu ke bugawa, ni ban yarda da su ba, ɓata tsagin suke yi. Matse shi, juya kan sau da yawa boris ya zauna, ka sassauta, sannan ka ɗaure daidai awon da littafin babur ɗin ya faɗa.

Bayan ka ɗaure notin sama ka sake gwadawa, don yakan ƙara matse boris. Kula da wayoyi da tiyon birki, sukan riƙe kan su ruɗe ka.