Yadda zaka gane inda aka ƙera injin tsohon agogon Seiko

Gidaje da yawa a Katsina akwai Seiko 5 ajiye a adaka ko durowa, tsarabar Makka da iyaye suka zo da ita, wanda ranakun sati ke fitowa da Larabci, baya cin batir sai dai ka girgiza shi ya tashi. Mutane da sun ga an rubuta Japan shikenan sun gamsu, alhali Seiko masana'anta biyu gareta a wancan lokacin, har gasa suke da juna. Akwai Suwa Seikosha a yankin Nagano, akwai Daini Seikosha ta unguwar Kameido a Tokyo wadda aka kafa 1937.

Fara da fuskar agogon. Sama kaɗan da ƙarfe shida ko can ƙasa zaka ga ɗan mitsitsin tambari, in kamar walƙiya ne to Daini ce, in kuma ya nannaɗe kamar guguwa Suwa ce. Ka ari madubin ido wajen mai gyara don ido kawai ba lallai ya nuna maka ba.

Sai ka kifa shi. A murfin baya akwai lambobi takwas da ɗan layi a tsakiya, kamar 6119-8xxx, huɗun farko sune lambar injin. Masu farawa da 61 ko 56 da kuma 6309 na Suwa ne, su 7005, 7009, 7019 da masu 44, 45, 52 na Daini ne. Akwai kuma wani jerin lambobi daban guda shida ko bakwai a murfin, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu watan da aka yi shi, O Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. To in kaga 4N akan 6119 ai Nuwamba 1974 kenan, tunda ba'a ƙera injin nan a 1984 ba. Shi 7009 ya daɗe ana yinshi, shekararshi tana iya rikita ka.

Amma duk wannan shedar waje ce, murfi ana canza shi, fuska ma ana sake mata fenti, musamman irin haɗe-haɗen da ake turowa daga Indiya, kala-kala sai ƙyalli ga arha, cikin kuwa kowane ƙarfe da inda aka tsinto shi. Dole a buɗe. Don Allah kada ka sa wuƙa ko almakashi, kai shi wajen mai gyaran agogo a babbar kasuwa ya kwance da makullinshi, ka ce mashi Malam lambar kan inji kawai nake son gani. Tana nan a zane jikin ƙarfen ko kan farantin nan mai wainawa, tare da tambarin masana'antar. Lambar inji da ta murfi da ƴar ƙaramar lambar da ke rubuce a ƙasan fuska dole bakinsu ya zo ɗaya, in 7009 ne a ciki murfi kuma yace 6119 to an yi mashi dashe.

Wanda kaga 7S26 a ciki shi ba tsoho can ba ne, 1996 aka fara shi, da yawa ma a Singafo da Malesiya aka haɗa injin, kuma wannan bai maida shi jabu ba.