Yadda ake noman burokoli daga iri a garkar gida a Damagaram

Burokoli ɗan uwan shu ne, wato kabeji, kuma kamar shu ba ya son zafi, don haka a Damagaram lokacinsa shi ne sanyin hunturu. Wanda ya jinkirta har zafin Maris ya riske shi zai ga shukar ta yi fure tun kanta bai cika ba.

A zaɓi koren iri mai fitar da ƙananan rassa, domin mai launin shuni yana buƙatar dogon sanyi irin na Turai, wanda ba mu da shi a nan. A ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba a yafa irin a ƙaramin fangali mai ƙasa da ruɓaɓɓen taki, zurfin santimita 1, a yi masa rumfar zana saboda ranar tsaka. Yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 10.

Bayan mako 4 zuwa 6, idan ya yi ganye huɗu ko biyar, sai a dasa shi da yamma, a bar santimita 50 tsakanin shuka da shuka. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, shi ya sa nake ganin shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa wajibi ne, tare da ban ruwa safe da yamma. Idan tsutsa ta kama ganye, a tsince ta da hannu, a fesa ruwan ganyen dogon yaro.

A yanke kan tsakiya tun yana dunƙule, kafin rawaya ta bayyana, sannan a ci gaba da ban ruwa, domin rassan gefe za su yi ta fitowa har makonni da dama.